Shasin Motar Baffa Hammajam

Ko da zan manta ranar da aka fara damƙa mini kan walda, ba na jin zan manta da Larabar da Baffa Hammajam ya shigo garejinmu da a-kori-kurarsa, cikinta yana neman sharar ƙasa. Shekara goma sha wani abu ke nan, a ƙarshen bazara, lokacin da zafin Jalingo ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa. Tunda yau kun zaunar da ni kun ce sai na ba ku labarin aikin da ya fi tsaya mini a rai, to ku gyara zama, don ni ban iya gajarta magana ba.

Garejin yana unguwar Sarkin Dawaki, ƙarƙashin wasu manyan bishiyoyin darbejiya, daidai inda yanzu aka jera shagunan sayar da waya. Duk sanda na bi ta wurin sai na ji kamar ƙanshin kabaid na walda da baƙin mai zai tare ni. Tsarin aikinmu a lokacin a fili yake. Maigida shi ne Oga Garba, Bakano, wanda kakansa ya zo fatauci ya ga wuri ya zauna. Shi ke karɓar mota, shi ke yanke abin da za a yi mata, shi kuma ke sallamarta. A ƙarƙashinsa kowa da fanninsa. Akwai na inji, akwai na waya, sai Danjuma, wani Bamumuye mai faɗin ƙirji da saurin dariya, shi ne na ƙafa, wato sifirin da shokozoba da duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Ni, Haladu, ni ne na walda. An riga an yaye ni tuni, amma na ƙi tafiya in buɗe nawa wurin, don hirar Oga Garba kaɗai ta isa ta riƙe mutum. Da yake mu asalinmu Zariya ne, kullum muna cikin tsiya da shi. Yana kirana bawansa, ni kuma ina ce masa Bakano ko kabari aka nuna masa sai ya taya.

Oga Garba yana da dokoki biyu da kowa ya sani. Ta farko, ba ya yanke wa mota hukunci sai ya hau ta a kan hanyar da mai ita yake bi. Ta biyu, ba a yanka shasi a garejinsa. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, shasi shi ne dogayen ƙarafan nan biyu da suka taso daga gaban mota har bayanta, waɗanda inji da bodi da kaya duk a kansu suke zaune. Kashin bayan mota ke nan. Tun yana ɗan koyo Oga ya taɓa ganin wata babbar mota mai facin shasi ta karye a gangare, da mutane a saman kaya. Iyakar abin da yake faɗa ke nan, in ya kawo nan sai ya canja magana.

Baffa Hammajam dogon tsoho ne siriri, Bafulatani, tsohon mai shanu da ya dawo gari ya zauna a Nukkai. Motarsa tsohuwa ce ƙirar Japan, fara, amma a wanke tas. Wani makanike a wani gari ya saukar masa da ita ƙasa. A gaba ya sassauta ƙafar, a baya kuma ya cusa tubalan ƙarfe tsakanin sifirin da aksil, wato ƙaton ƙarfen nan da ke haɗa tayoyin baya biyu. A ƙa'ida, tsakanin aksil da shasi akwai fili kamar tafin hannu, don mota ta samu wurin lilo in ta faɗa rami. A motar Baffa da ƙyar yatsu biyu ke shiga. Ko tsakuwa ta taka sai aksil ya daki shasi, ka ji ƙwal har cikin haƙoranka.

Danjuma ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana ƙyaƙyata dariya.

"Oga, wannan mota ba ya da ciwo. Mai shi ne tana da ciwo. A cire wannan ƙarfe, mota ya tashi sama, magana ya ƙare."

A wancan lokaci samarin gari suka fara yayin saukar da motoci don gayu, saboda haka duk mun ɗauka tsufa ne ya zo wa Baffa da gardama. Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Baffa, ko zance za a koma ne?" Ya yi murmushi kawai.

Oga ya ce, "Baffa, aikin rabin yini ne. Mu cire tubalan nan, mota ta koma yadda masu ita suka ƙera ta."

"A'a," in ji Baffa. "Ƙarar nake so ya tafi. Mota ya zauna a nan."

Sai ya zagaya ya buɗe ƙofar gefen fasinja, ya kafa sandarsa a ƙasa kusa da kujera. A jikin sandar akwai tsaga da aka yi da wuƙa, kuma bakin kujerar daidai da tsagar nan yake. Ya ɗora yatsa a kai ya ce kada ta wuce nan.

"Me kake ɗauka da ita?"

"Ba komai."

"Ina kake zuwa da ita?"

"Lau."

Duk wanda ya san hanyar Lau a wancan lokaci ya san me ya sa muka sake fashewa da dariya. Oga ne kaɗai bai yi ba. Ya gaya wa Baffa gaskiya: in ana so mota ta zauna a ƙasa kuma aksil ya daina dukan shasi, hanya ɗaya ce, a yanke wani sashe na shasin a yi wa aksil ɗaki. Shi kuma ba ya wannan aikin. Baffa ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba jin amsar, ya ce "Useko," wato na gode, ya mayar da ƙofar a hankali da hannu biyu. Har ya tayar da mota Oga ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya, Baffa. Ban ce zan yi ba. Amma ban taɓa korar mota ban hau ta ba. Gobe da safe za mu zo gida, ni da wannan bawan nawa."

Da motar ta fita na tambaye shi me zai gani a Nukkai da bai gani a nan ba. Ya ce, "Kai Bazazzagi, bakinka ya fi idonka sauri. Ruwa ba ya tsami banza."

Washegari da hantsi muka isa a kan babur ɗin Oga. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura da kindirmo mai sanyi. Baffa ya zauna yana juya ludayi. Can ya tashi, ya matso da mota har bakin zaure, ya buɗe ƙofar fasinja, ya shiga cikin gida. Jim kaɗan sai ga wata tsohuwa ta fito, hannu ɗaya dafe da bango, ɗaya riƙe da sanda, tana jan ƙafar hagu. Matarsa ce. Shi bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba, sai dai ya ce "mutanen gida". Daga baya ne na ji maƙwabta na ce mata Dada Asta. Santsi ya kwashe ta a daminar da ta wuce, ƙugunta ya karye. An yi ɗori ya kama, amma ƙafar ba ta ɗaguwa ko tsawon bulo.

Muka gaishe ta, ta amsa da kai. Ta iso bakin mota, ta juya wa kujera baya, ta zauna a kanta kamar yadda mutum ke zama a bakin gado, sannan ta sa hannu biyu ta ɗauki ƙafar ta shigar. Ba wanda ya taɓa ta. Baffa kuwa yana can yana duba tayar gaba kamar yau ya fara ganinta. A nan na gane tsagar nan ta jikin sanda: tsayin gadonta ne ya auna. Kunya ta rufe ni saboda maganar zancen da na yi jiya, na rasa inda zan sa idona.

Oga ya ja Baffa gefe ya tambaye shi a hankali ko ƙaramar mota ba za ta fi ba. Baffa ya ce an gwada. Tsohuwar tana zama a ciki, amma ba ta iya tashi sai an ja ta, ita kuwa ta gwammace ta mutu a ɗaki da a ja ta a gaban mutane, ko da shi ne zai ja.

Ni da Oga muka hau baya, Baffa ya ja muka kama hanyar Lau. Ta gilashin baya muna hango ta. Muna sauka daga kwalta mai kyau aka fara: ƙwal, ƙwal. Duk bugu ɗaya sai in ga hannunta ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa, kafaɗunta sun ɗaga, ta danne bakinta da gefen mayafi. Ko tari ba ta yi ba. Ba mu yi nisa ba Oga ya daki rufin motar da tafin hannu, ya ce, "Ya isa! Baffa, juya."

Bayan ta shige gida muka koma zaure. Baffa yana kallon tabarma ya ce, "Yaron da yake riƙe da shanu a bayan Lau zai haye kogi kafin ruwa ya cika. Gonaki sun cinye wurin. Ba na jin zai dawo wannan gefe."

"Ɗanka ne?" in ji Oga.

"Ɗan mutanen gida ne. Na fari."

Ya ce tun zuwansu na ƙarshe ta kwanta kwana da kwanaki ba ta iya juyi, kuma da ta tashi sai ta ce ta daina zuwa Lau, wai motar tana shan wahala. Sati mai zuwa za a haye da shanun. In ba ta je yanzu ba, shi ke nan, don inda za su ba mota ke zuwa ba.

Muka dawo gareji ni da Oga. Ya zauna a kan bencinsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce, "Haladu, je ka nemo mini guntun bututun rijiyar burtsatse, mai kaurin gaske."

Na ce, "Oga, doka fa?"

Ya ce, "Ni na kafa ta. Ba daga sama aka saukar da ita ba."

Yanzu ku saurara, ku masu walda, don wannan aikin ba a yin sa da ka. Da farko muka sauke bodin baya gaba ɗaya, shasi ya fito tsirara. Muka zuƙe mai muka cire tanki muka kai shi can bayan bishiya, don wuta da fetur ba sa gaisawa. Danjuma ya kwance bututun birki da wayoyi ya ɗaure su gefe. Sai muka ɗora shasin a kan turakun ƙarfe, gaba da bayan inda za a yanka, hagu da dama, muka daidaita shi da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na magina, har ruwan ya tsaya daidai a kowace kusurwa. Kafin a taɓa komai na ɗana wani ƙarfe na wucin gadi a sama ya haɗe gaba da baya, don kada shasin ya motsa in an raunana shi. Wanda ya yanka shasi bai yi wannan ba, motarsa za ta riƙa tafiya a karkace har ranar da za a sayar da ita ga 'yan gwangwan.

Oga da kansa ya zana da alli, rabin wata a ƙasan kowane ƙarfe, daidai saman aksil. Ya auna, ya goge, ya sake aunawa. Da ya gama sai ya miƙo mini injin yanka ya ce, "Bisimilla." Na lura bai tsaya kallo ba, ya koma wajen tulu yana shan ruwan da ba ƙishinsa yake ji ba.

Bututun nan muka tsaga shi biyu a tsaye, kowane rabi ya shiga cikin ramin da aka yanka ya zauna daram. Shi ne rufin ɗakin aksil. Sai faranti masu kauri ciki da waje, suka rungume wurin suka zarce gaba da baya sosai. Oga ya hana a yanke bakinsu a miƙe, ya ce a fiƙe su kamar bakin mashi, domin walda da ta tsaya a miƙe daga sama zuwa ƙasan shasi, a nan tsagewa ke farawa. Ita kanta waldar ba a zuba ta a ja ɗaya. Ka ɗan yi a hagu, ka zagaya dama, ka dawo, don zafi kada ya taru wuri guda ya murɗe ƙarfe. Muka kuma buɗe ɗan wuri a ƙasan bodi saboda tukunyar da ke tsakiyar aksil, Danjuma ya sa gajerun robobi da za su tare bugu in abin ya kai maƙura.

Duk kwanakin nan Baffa yana zuwa da safe ya zauna a ƙarshen benci, sanda tsakanin gwiwoyi. Ba ya tambaya, ba ya gaggauta kowa. Danjuma ya shiga tsokanarsa wai in an gama shi za a ba saniya ɗaya, Baffa ya ce a ba Bamumuye saniya ai sai ya ɗaura mata doya a wuya. Mun yi dariya sosai a satin nan, irin dariyar da ban ƙara samu a wurin aiki ba.

Ranar Lahadi hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Da la'asar Baffa ya dawo karo na biyu, abin da bai taɓa yi ba. An aiko masa cewa an yi ruwa a can sama, kogi ya fara motsi, ba za a jira ƙarshen sati ba. A lokacin na gama waldar ƙarshe ke nan, ƙarfe yana huci. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ba za a zuba masa ruwa ya huce ba?"

Oga ya ce, "Baffa, in aka zuba ruwa zai yi tauri ya rasa haƙuri, ranar da ya sha bugu sai ya tsage. Sauri ya haifi nawa. Ka ba ni gobe."

Muka lulluɓe wuraren da busasshen yashi suka huce a hankali. Litinin muka mayar da tanki da birki da bodi. Fenti bai samu ba, jan share fage kawai muka shafa don tsatsa. Danjuma ya kawo curin yumɓu daga wurin matarsa mai ginin tukwane, ya manna a cikin kowane rabin bututu. Muka loda buhunan yashi, muka hau muna tsalle mu huɗu kamar mahaukata. Da muka leƙa, aksil ya ɗan taɓa yumɓun amma bai latse shi ba. Baffa ya kafa sandarsa a bakin kujera, ya duba, ya gyaɗa kai.

Akwai al'adar Oga da ban ga ana yi yanzu ba. Duk aikin da ran mutum ya rataya a kansa, wanda ya yi shi ne zai raka motar tafiyar farko. Ya ce mini, "Bazazzagi, hau ka zauna a kan aikinka. In ya karye, da kai zai fara."

Talata bayan sallar asuba muka tashi daga Nukkai, Baffa da Dada Asta a gaba, ni a baya da akwatin kayan aiki. Da muka iso wurin da Oga ya ce a juya, na kasa kunne. Motar ta faɗa ramin, ta yi ƙasa, ta taso, shiru. Na biyu ma haka. Duwatsu suka koma bayanmu, giginya ta fara yawa, iska ta fara kawo ƙanshin ruwa. Ina ta kallon hannun nan a kan mariƙi. Tun yana damƙe har ya sassauta, can wajen rabin hanya na ga ta sauke shi ta ciro carbi.

Rugar ɗan nasu tana gaba da Lau kaɗan. Muna isa na san an samu matsala, don ba kukan maraƙi ko ɗaya. Bukkoki a buɗe, toka da sauran ɗumi, kashin shanu ɗanye. Wani masunci da ke gyaran koma a gindin bishiya ya ce tun da duku-duku suka kora, sun nufi mashigi, in an yi sauri wataƙila a tarar da na baya. Sai dai ba hanyar mota zuwa mashigin. Fadama ce da shanu suka tattake tun tana da laka, ta bushe da ramukan kofato, ƙasa ta yi tauri kamar an gasa ta.

Baffa ya fito ya kalli fadamar, ya kalli motar, sannan ya zo inda nake.

"Mai walda. Zai ɗauka?"

Gargadar hanya daban, wannan daban. In walda ta saki a tsakiyar fadamar nan, ba abin da zai fitar da tsohuwar sai a kafaɗar mutane, ga ƙugun da aka ɗora da ƙyar. Ba Oga a kusa da zan kalla. Na kwanta na shiga ƙarƙashi, na bi kowane layin walda da yatsa, na duba yumɓun Danjuma na ga da sauran wuri. Na fito na ce, "Za ta ɗauka, Baffa. Amma ni ƙarfe na sani. Ita fa?"

Kafin ya ba ni amsa sai na ji murya daga cikin mota, karo na farko da na ji Dada Asta ta yi magana.

"Dillen." Wato mu tafi.

Tafiyar nan ba zan iya kwatanta muku ita ba. Motar tana rangaji hagu da dama, ni ina kwance rubda-ciki, kunnena manne da ƙasan bodi, ina karanto duk addu'ar da na iya. Wani wurin sai na diro in kawar da ƙaton hoge, in nuna wa Baffa inda zai sa taya don cikin motar kada ya maƙale. Sifirin yana kuka, bodi yana kuka, amma bugun nan da nake tsoro bai zo ba. Da muka hau wani ɗan tudu sai ga kogi a gabanmu, rabin garken ya riga ya shiga, ba ka ganin komai sai ƙahoni da hanci a saman ruwa.

Baffa ya danna hon ya riƙe. Wani dogon mutum da ruwa ya kai wa ƙugu ya waiwayo, ya tsaya, sannan ya juyo da sauri. Yaron da ake ta faɗa ashe shi ma furfura ta fara fito masa a gemu. Ya zo ya tsuguna 'yan taku kaɗan daga motar, ta bayan ƙofar uwarsa, ya cire malafa, ya sunkuyar da kai. Ya gaida mahaifinsa da murya ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ta miƙe wuya tana kallon gaba, kamar ba kowa a wurin.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na san kunyar ɗan fari, mu ma muna da ita, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane. Amma ban taɓa zaton za ta kai nan ba. Na ce a raina, Oga ya karya dokarsa, mun ƙona ido sati guda, mun ratso fadamar nan, don a zo a kalli ruwa?

Ɗan ya yi wani ɗan fito. Daga cikin shanun da suka rage a gaɓa wata tsohuwar saniya fara ta ware ta taho har bakin tagar motar. Baffa ya gaya mini daga baya cewa jikar saniyar aurensu ce. Dada Asta ta kama kunnenta ta fara yi mata magana. Fulatancina na kasuwa ne, amma na tsinci abin da take cewa. Kin rame. Ki riƙa cin abinci. Kada ki shiga ruwa mai zurfi don a ce kina da ƙarfi. Kada ki yi faɗa da masu gona a ƙasar da ba a san ki ba. In kin samu mai zuwa, ki aiko da labari. Duk jimla ɗaya sai in ji mutumin da ke tsugune ya amsa wa ƙasa a hankali.

Sai Baffa ya zagayo ta gefenta. Ya kama bakin rigarsa ya goge madubin ƙofar kamar ƙura ce ta dame shi, ya ɗan karkata shi, ya koma ya tsaya nesa yana kallon kogi. Daga inda nake na hango abin da ke cikin madubin: mutumin nan ne a tsugune, tun daga kai har ƙafa. Fuskarta tana gaba, hannunta a kan saniya, idonta kuwa yana cikin madubi, bai ko ƙifta ba. Haka suka zauna har na ƙarshen garken suka shiga ruwa, dole ya tashi. Ni dai na koma bayan mota na ce zan duba walda, don idona ya cika.

Da na dawo gareji da yamma Oga tambaya ɗaya ya yi mini. "Ya buga?" Na ce bai buga ba. Ya ce, "To wanke hannu, ga tuwo can an ajiye maka." Har Allah ya karɓi ransa ban ga ya sake yarda an yanka wani shasi ba, kuma bai taɓa ba kowa labarin wannan ba. Ni ne mai bakin.

Abin da na ɗauka daga aikin nan shi ne, mutanenmu ƙara suke kawowa gareji, dalilin kuwa a gida suke barinsa. Wani kunya ce ke hana shi faɗa, wani girma, wani kuma bai saba a tambaye shi ba. In ka tsaya a kan abin da bakinsa ya faɗa, za ka gyara mota tsaf ka mayar da mutum gida da damuwarsa. Shi ya sa nake ce muku ku rage dariya in an kawo muku aikin da ya yi kama da wauta, ku tashi ku je ku gani.

Dada Asta ba ta ga bazara ta gaba ba. Labari bai isa ga ɗanta ba sai bayan an yi bakwai. Na je gaisuwa Nukkai, zauren cike da manyan mutane, na raɓe daga bakin ƙofa. Baffa ya hango ni, ya matsa ya yi mini wuri a kan tabarmarsa. Muka yi addu'a, muka shafa. Sannan ya dafa gwiwata, bai kalle ni ba, ya ce, "Mai walda, ta gan shi ai."